Nonon da Maƙwabciyata Ta Ba Ɗana

A shekarar da na haifi ɗana na fari, ni yarinya ce mai baki, wadda ba ta jira a gama yi mata magana. Na gama kwalej a Tanout, ga waya a hannu, ina ganin duk matan unguwarmu an bar su a baya. Tun ina da ciki na yanke cewa ba zan zauna yaro na rataye a ƙirjina kamar tunkiya ba. A waya na ji matan birni suna cewa shayarwa tana zubar da nono, tana tsufar da mace. Na yarda. Bayan suna da ƴan kwanaki na sa maigidana ya sayo bibero, kwalbar shayar da jarirai, da madarar gwangwani, na ce masa nonona ba ya isar yaron. Ƙarya nake yi, har zuba yake.

Katanga ce kawai tsakanina da wata Kirista, matar malamin dabbobi da aka turo daga kudu. Ta kusa haifata, amma tana goyon autarta. Madam muke ce mata. Ranar da ta ga bibero a bakin ɗana, ta ajiye waken da take tsincewa, ta kira ni ƙanwarta, ta ce ko a majami'arsu kukan da manyan mata ke yi ke nan: ƴanmatan yanzu suna jin kunyar zama uwaye, waya ta koya musu wai zama mace ko namiji riga ce, wanda ya ga dama ya tuɓe ya sa wata. Ta ce ita ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ta san Allah bai ajiye abinci a ƙirjin mace don ado ba. Na ce mata ta adana wa'azinta sai Lahadi, nan ba majami'a ba ce, kuma ban ga abin da ya haɗa ta da ɗana ba. Ta yi dariya, ta ce bakina ya fi barkono, ta tafi.

Sai bazara ta shigo. Ruwan da ƴan garuwa ke kawo mana ba kullum nake tafasa shi ba, ba ni da haƙurin jira ya huce. Madara sai ta wuni a bibero cikin zafin nan namu na Damargu, in yaron ya yi kuka in tura masa. Gudawa ta kama shi, amai ya biyo, maɗigarsa ta faɗa. A asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, majo, babban malamin asibitin, ya ce a mayar da shi nono. Na sa shi a ƙirji, ya tsotsa, ya saki, ya buɗe baki yana kukan da babu sauti. Nonon ya ƙafe. Ni na ƙafar da shi.

Surukata, Inna, ta taso daga Falanko, tana zaune gefena a asibitin Madam ta shigo da kunu. Ta dubi yaron, ba ta dube ni ba. Ta durƙusa ta ce wa Inna in ta yarda za ta ba shi nata. Inna ta tura maigidana wajen liman. Ya dawo ya ce liman ya ce babu laifi, sai dai a sani, in yaron ya sha ya ƙoshi ya zama ɗan Madam, autarta ta zama ƴar'uwarsa, babu aure tsakaninsu har abada. Madam ta ce kash, ta yi asarar suruki. Majo ya duba lafiyarta, ta kwance goyo ta miƙa mini ƴarta, ta ɗauki nawa. Ina jin ƙarar haɗiyarsa na fashe da kuka.

Makonni ta yi tana shigowa. Kafin ta ba shi sai ta sa in fara ɗora shi a nawa ko da babu komai, ta dama mini kunun gyaɗa, in na ce na gaji ta ce in sha da bakin nan nawa mai kaifi. A hankali nonona ya dawo. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini abin da na faɗa mata ba.

Da aka canza wa mijinta wurin aiki, Inna ta tara maƙwabta ta faɗa a gabansu cewa yaran nan nono ɗaya suka sha, kowa ya zama shaida, kada su girma su haɗu ba su sani ba. Madam ta ce su a addininsu ba a ƙulla zumunta haka, amma ta karɓa. Ta rungume shi ta ce za ta tafi ta bar ɗa a Damargu. Ranar na fara ce mata Yaya.

Ban yarda da duk abin da take tsoro game da zamani ba, har yau mukan yi musu a waya. Amma ku ji, ƴan'uwana masu ciki da masu jego: matan da suka ba ni shawara a waya babu wadda ta san ɗana ya kwanta. Wadda na kora da baki ita ta buɗe masa ƙirjinta. In nononki na zuwa, ki ba ɗanki. In babbar mace ta yi miki magana, ko ba addininku ɗaya ba, ki bari ta gama. Ba kowa ke da irin maƙwabciyata a bayan katanga ba.