Malam Nata'ala da Bafadensa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, Allah Ya karɓi ran abokina Malam Nata'ala Abdulƙadir a wani asibiti da ke Whitechapel, a nan Landan, bayan ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa. An yi masa salla a masallacin Regent's Park, muka kai shi makwancinsa a bayan gari. Ya bar matarsa Luba da 'ya'ya mata biyu, Hansai da Zinatu, dukansu suna Zariya.

Nata'ala, ka zo ƙasar nan a lokacin da kowa ke rububin karatun injiniya, saboda fetur ya buɗe ƙofofi a gida. Kai kuwa ka rasa abin nazari sai rayuwar wani bafaden sarkin Ingila da ya mutu fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce. Mun yi maka dariya har muka gaji, muka laƙaba maka Sarkin Fada, kai kuma kana amsawa da fara'a. Duk ɗalibin da ya sauka daga gida yana rawar ɗari, kai ne mai taro shi. Ka ba shi babbar rigarka ta sanyi, Luba ta tuƙa masa tuwon semolina, ka nuna masa yadda ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ladan da kake karɓa ɗaya ne, ya zauna ya sha labarin bafade.

Wata Asabar ka ja mu zuwa wani tsohon coci don mu ga kabarinsa. An sassaƙa shi da dutse yana kwance, matarsa a gefe, 'ya'yansu a durƙushe a jere. Na ce kai, wannan ya ji daɗin iyali. Ka girgiza kai ka ce, "Lawal, dutse ne kawai ya haɗa su. Ya ajiye ta a ƙauye da yara, shi yana fada yana riƙe wa sarki ruwan wanke hannu, yana jiran a ƙara masa sarauta. Da ya mutu, sai da aka binne shi labari ya isa gare ta. Na san shi ciki da waje, amma Allah Ya tsare ni da zama irinsa."

Na ji wannan da kunnena, amma bai hana ni ba. A bara na ga sa'o'inka suna komawa gida ana ba su manyan kujeru da motoci, kai kana nan a ɗaki ɗaya, yara na hawa kan takardunka. Na sa ka gaba. Na ce ka tura iyali gida ka gama rubutun nan kafin a cinye guraben. Ka ƙi, na sake dawowa. Ka ce Luba ce kaɗai ta san tarinka, tana jin ya canja take kora ka asibiti. Na ce ai ga mu, mu ba mutane ba ne? Da na ga kana jan ƙafa, ni na je na kama musu wuri a jirgi, na kawo maka tikiti har gida.

Ba ka taɓa gaya mata shawarar wane ne ba, don kada ta tsane ni. A filin jirgi ina tsaye ta ce maka, "Malam, ka zaɓi mataccen Bature a kanmu, Allah Ya ba da sa'a." Ka sunkuyar da kai, ni kuma na kau da kai kamar ba shawarata ba ce. Tarin ya canja a cikin sanyin nan. Mu da muka ce ga mu, ba wanda ya ji, kowa na harkar gabansa. Ko da aka kai ka asibiti, likita ya ce an makara.

Luba, yanzu da ke nake. Shekaranjiya wani da ya zo daga Zariya ya kawo mini saƙonki, wai kin gode da na wanke mijinki na sa shi a kabari, Allah Ya saka mini da alheri. Tun da na ji nake jin kunyar kaina. Mijinki bai kore ki ba, bai kuma fifita kowa a kanki ba. Ranar da kuka tashi, a kan benci ya zauna yana kuka kamar yaro, ya ce in je in mayar da tikitin, alhali jirgi ya riga ya ɗaga. Idan Hansai da Zinatu suka girma suka tambaya, wannan za ki gaya musu, ki kuma faɗi sunana.

Ina yi miki ta'aziyya, ke da yara, da mahaifiyarsa, da dukan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya jiƙan Malam Nata'ala, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunci, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban isa in roƙe ki gafara tun kina cikin takaba ba. Abin da nake roƙo shi ne ki cire fushin nan daga kansa, addu'ar da kika yi mini kuma ki mayar masa, shi ya cancance ta. Amin.

Lawal, Woolwich.