Bara'atu Mai Kwale-kwale

Da Alhaji Yunusa mai fataucin bandar kifi ya rasu a Haɗejiya, ya bar 'ya'ya biyu, da gidaje, da gonakin shinkafa har wajen Guri. Mala, babban, ya riƙe kasuwancin. Ƙanwarsa Bara'atu kuwa, abin da ta fara saya da gadonta kwale-kwale ne.

"Ke da ya kamata ki gina bene a Kano!" in ji Mala.

Ta ce, "Yaya, can a ina zan tuƙa shi?"

Haka take tun tana ƙarama. Ta yi aure sau ɗaya, suka rabu lafiya lau. Gwal ba ya burge ta, atamfa ɗaya sai ta yi ta maimaitawa, ga malafar masunta a kan gyale. Gidanta kuwa kullum a cike. Bayan la'asar za ka tarar da masu goge da 'yan amada, malaman makaranta suna ta gardama, farfesun tarwaɗa yana tafasa. Matar attajiri da mai tallar gyaɗa tabarmarsu ɗaya. Gari ya ɗauki magana, har Mala ya daina bin layin don kunya.

Wata shekara ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa a wani ƙauye kusa da Guri. Jirage suka kasa wucewa, ruwa ya malale gonaki. Bara'atu ta sayar da gona guda, ta sayi lauje buhu-buhu, ta kwashi baƙinta kaf, har makaɗan, suka tare a can. Mako uku ana yanka, ana kiɗa a bakin gaɓa, tukwane ba sa sauka.

Mala ya je da niyyar dawo da ita gida. Ya tarar da ita cikin ruwa har ƙugu, lauje a hannu, tana ba da waƙa ƙarti suna amshi. Ya tsaya a bakin gaɓa yana kallo.

Wani tsohon masunci ya matso. "Alhaji, ka san Hajiyar nan?"

Mala ya gyara zaman babbar rigarsa. "Uwa ɗaya uba ɗaya muke, Baba."

Ruwa ya samu hanya, aka yi shuka. A shekarar nan jarirai huɗu aka raɗa wa suna Bara'atu a ƙauyen. Ta je kowane suna, ta yi rawa har ɗankwali ya faɗi. Ragunan kuwa Mala ne ya kai da kansa.