Kaka Ige Ba Ta Wasa da Rana

A Damri na tashi, gidan kakata Ige, kuma duk abin da na sani na wasan kwaikwayon yara a bakin murhunta na same shi. Da an sauke tuwo, garwashi bai gama mutuwa ba, yaran unguwa sun cika tsakar gida. Sauran tsofaffi sukan ba da tatsuniya ana sauraro. Ita kam takan ce, "Ga ta nan, amma gurguwa ta. Wa za shi ara mata ƙahwa?"

Sai ta raba mu. Wannan a shafa masa toka ya zama kura, waccan a kifa mata ƙwarya a baya, kunkuru ke nan. Ba ta ba mu magana mu haddace. Za ta faɗi farko, sauran ka nemo a bakinka, in ka tsaya kame-kame ta zungure ka da kara. Ni kullum sai ta ce, "Tashi angona, wanga ƙaton baki naka ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba."

Wadda muka fi yi ita ce ta bushiya da kwaɗo. Bushiya na da murya mai daɗi, amma a rami take rera wa 'ya'yanta waƙa, kwaɗo na laɓe a bakin ramin yana tsinta. Ranar sunan ɗan zaki aka aika wa bushiya, ta dunƙule ta ce ba inda za ta. Kwaɗo ya je ya ɓarke da abin da ya tsinta, aka naɗa shi sarkin waƙa. Shi ya sa har gobe shi ke cika wa mutane kunne da damina. Ni ne kwaɗon.

Wata rana Malam Haruna, wani malamin firamare daga Bakura, ya zo gaida surukansa a unguwarmu, ya ga wasanmu. Washegari ya dawo, ya durƙusa, aka gaisa har da tambayar awaki, sannan ya roƙi Kaka ta kai mu makarantarsu ranar rabon kyaututtuka, a san aikinta. Har mota ya ce za a turo. Mu da ba mu taɓa wuce kasuwar Damri ba!

Kaka ta ce, "Da wane lokaci?"

"Da hantsi, Inna."

"Tatsuniya da rana? Haba Malam! So kake ɗiyan mutane su ɓace?"

Haka aka yarda a wurinmu, mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a hanya. Malam ya ce ai wannan wasa ne. Ta ce ko mi ya kira ta, tatsuniya ce. Muka yi kuka, muka yi birgima, na ƙi cin tuwo, ta ce madalla, kaji sun samu. Wallahi na ji haushinta har cikin raina. Malam ya koma ya koya wa ɗalibansa abin da ya gani, aka yi bikin ba mu.

Bayan na girma, Kaka tana kwance ciwon ajali, na kasa haƙuri. Na ce, "Kaka, ke da kika koya mana labarin bushiya, ke kuma kika dunƙule?" Ta harare ni, ta ce, "Wa ya ce maka bushiya ta yi hasara? Ɗiyanta ba su ji waƙa ba?"

Ashe ni da ita ba tatsuniya ɗaya muke ji ba. Ni na ɗauka bushiya ake yi wa faɗa, ita kuwa tun farko bayanta take goya. Na juya maganar nan shekara da shekaru, na san tana da gaskiyarta, amma raina bai taɓa kwantawa ba.

Bara aka yi taro a Talata Mafara, inda nake koyarwa, aka karrama Malam Haruna a kan shi ya fara wasan yara a wannan yanki. Bawan Allah bai ci amana ba. Ya miƙe da sandarsa ya ce a wurin wata tsohuwa ya koya, a Damri. Ya yi ta laluben sunan, sunan ya ƙi zuwa. Ina can baya na ɗaga murya na ce, "Ige!" Amma an riga an fara tafi.