Shekara Bakwai Ba Bashir, Injiniyan Ƙafar Manoma

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Bashir. Har yau in na ji ƙarar sandar guragu a barandar asibitin da nake aikin jinya, shi yake faɗo mini a rai.

Aikin injiniyan kayan asibiti ya karanta, fannin da ko a gidanmu na 'Yargoje sai da ya sha bayani. Kawunmu, Baba Sale, ya rasa ƙafa sanadin ciwon suga. Aka haɗa masa ta roba, damina ɗaya ya jingine ta, don in ya yi gumi sai ta saɓule masa fata. Bashir ya yi ta binsa gona yana kallon yadda yake duƙawa a kan kunya. Da na yi masa tsiya ya ce, "Yaya, wanda ya ƙera ƙafar ga bai taɓa riƙe fartanya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo."

A kan wannan ya nemi gurbin digiri na biyu. Shekarar farko ba a ɗauke shi ba, aka ce tsarin bincikensa bai nuna ba. Bai yi fushi ba. Ya zaga Faskari da Sabuwa a kan babur yana auna dungulmin waɗanda suka rasa ƙafa, yana sauraronsu, ya sake nema. Ranar da aka ɗauke shi, Inna ta raba waina har maƙwabta.

Kana taka, Allah na tasa. Zango ɗaya ya yi, zazzaɓin taifot ya huda masa hanji.

Da zai ga yau, ban san me zai ce ba. A zamaninsa ciwo da hatsari ke cin ƙafa. Yanzu har da harsashi, ƙauyukan da ya zaga wasu ma ba kowa. Ina jin ba zai yi dogon magana ba, kayan awonsa zai ɗauka.

Wata abokiyar karatunsa ce ta ƙarasa binciken. Bara ta nuna mini wani dattijo a kasuwar Ƙanƙara, yana jan akuya, yana takawa da ƙafar da aka haɗa bisa binciken. Bai san sunan ƙanena ba, ban kuma faɗa masa ba. Na bi shi da kallo har ya shige cikin jama'a, yana sauri kamar kowa.

Allah Ya jiƙan Bashir.