Takalman Tanimu a Ƙofar Zaure

Idan ka tambayi tsofaffin Suleja labarin Tanimu mai awon filaye, kafin su ce komai sai sun taɓe baki. "Wannan marar kunyar?" Mutum ne da zai faɗo maka zaure da takalmi a ƙafa, ba gaisuwar kirki, ya ce ka tone harsashin ginin da ka zuba jiya, ko da kuwa ka girmi ubansa. Amma fa ba haka ya taso ba. Da ƙuruciya ba a yi saurayi mai kunya kamarsa a unguwarsu ba.

Lokacin garin bai ma karɓi sunan Suleja ba, Abuja ake ce masa. Tanimu na aikin awo a ofishin filaye, sai aka tura shi Kaduna kwas kan tsara gari da kiyaye ambaliya. Malaminsu, wani Mista Ignatius, ba ya son zaman aji. Bakin kogi yake kwasarsu, ya ce su ɗaga kai su dubi rassan bishiya: inda yayi da tsummokara suka maƙale, nan ruwa ya taɓa kaiwa, kuma zai dawo. Ya kuma ce ruwan da ke cin gida ba lalle a kansa aka yi shi ba. Ana iya tafka shi can kan duwatsu, kai kana nan kana shanya a rana.

Tanimu ya dawo ya tarar gari ya rikice. An ce za a gina babban birnin ƙasa a gefensu, kowa fili yake nema. Fadamar rake ta bayan gari duk an yayyanka ta, da rani kuma, lokacin da rafin da ya ratsa ta ko akuya za ta tsallake shi. Tanimu ya ɗauki jan fenti yana bin bishiyoyi yana shata iyakar ruwa. Da ya iso wata ɗinya ya shafa, sai ya juya ya ga sabon gida daf da ita, alamar kuwa ta yi daidai da tagar ɗaki. Gidan Malam Bamalli ne, uban matarsa Lauratu.

To, wa ya isa ya dubi idon surukinsa ya ce masa ya yi gini a bakin mutuwa? Tanimu ko ruwa ba ya iya sha a gaban dattijon. Sai ya samu amininsa Lado ya zayyana masa. Lado ya ga maganar ta yi nauyi, ya rage mata kaifi ya kai wa Asibi, gwaggon Lauratu. Ita ma ta ɗan sassauta ta gaya wa uwar Lauratu. Kafin ta isa kunnen Malam ta koma: Tanimu na gaisuwa, ya ce a ƙara wa katangar baya yaɓe kafin damina. Dattijo ya ji daɗi, ya sa masa albarka, ya sa aka yaɓe.

Ana haka cikin Lauratu ya tsufa, cikin fari, aka zo ɗaukarta goyon ciki gidan iyayenta. Tanimu ya roƙe ta ta zauna.

"Haba, maigida," ta ce, idonta ya ciko. "Haihuwar fari a ɗakin miji? Sai ka ce ba ni da iyaye? Da wane ido zan dubi mutane?"

Ya ƙyale ta, ta tafi. Ta haifi 'ya mace a tsakiyar marka, aka sa mata Mairama, aka shiga wankan jego safe da yamma a makewayin da ke jingine da katangar baya. Tanimu kuwa abinci ya daina shigarsa. Kullum ya tashi aiki sai ya tsaya kan gada yana kallon rafi, har yara suka fara cewa kifi yake ƙirgawa.

Ran da abin zai faru rana ce fes, mata duk sun baza shanya. Wajen la'asar ya leƙa daga gada ya ga ruwan ya koma ja, yana tafe da karan dawa har da saiwa. Ya ɗaga kai, can wajen duwatsu hadari ya yi baƙi ƙirin. Ya haye keke kamar mahaukaci. Tun daga nesa ya hango hayaƙi na tashi a bayan gidan, an dafa ruwan wanka ke nan.

Ya jefar da keke a ƙofar zaure. Malam Bamalli na ciki da baƙi biyu, dattawa. Kai, jama'a! Mutumin da ya zo da maganar rai da mutuwa, sai ga shi ya tsaya ya tuɓe takalma, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, barka da yamma."

"A'a, Malam Tanimu, barka kadai. Ya aiki? Ya mutanen gida?"

Ya amsa, ya juya ya gaida baƙin ɗaya bayan ɗaya. Malam ya koma kan labarin da yake ba su, shi kuma ya kasa katse shi. Yana nan durƙushe yana jiran dattijo ya numfasa. Can ƙasa aka ji wani ruri kamar babbar mota na hawan tudu. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Ikon Allah, takalman wa ke shigowa?"

Nasa ne. Ruwa ne ya turo su cikin zauren.

Ya kutsa cikin gida yana kiran sunan Lauratu. Surukarsa ta fito da jaririya a kafaɗa, ruwa iya gwiwa, ya fizge su ya tura waje. Kafin ya kai makewayi katangar baya ta kwanta, da sabon yaɓenta da komai. Sai washegari aka samu gawar Lauratu a cikin sauran raken fadama.

A zaman makoki Lado ya kasa riƙe bakinsa, ya faɗi asalin saƙon. Malam Bamalli ya daɗe yana duban Tanimu, hawaye na bin gemunsa.

"Malam Tanimu, ashe ka sani? Me ya hana ka gaya mini? Ai da na ji."

Tanimu ne ya reni Mairama, bai sake aure da wuri ba, ya ƙare aikinsa yana faɗa da masu gini a fadama, suna zaginsa yana tone musu harsashi. Daga ranar nan kuwa ba wanda ya sake ganin ya tuɓe takalmi a ƙofar kowa, sai dai ƙofar masallaci.