Jinin Baba Malam a Ƙirjina

Litinin: Takur zuwa Jahun

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba na fito daga gidanmu a unguwar Takur da ke Dutse, ko ruwan shayi ban kurɓa ba. A jakata akwai sirinji biyu da auduga da 'yar kwalbar ɗibar jini. A wayata kuma akwai hoton wata takarda da ta hana ni sukuni tun ranar Lahadi.

Takardar gwajin jinin mahaifina ce, Baba Malam, mai makarantar allo a Tsamiyar Liman, can bayan Jahun. Shekara huɗu ke nan yanar ido ta rufe masa gani. Wasu likitocin ido sun zo Dutse aikin mako guda, aka sa sunansa, aka ce a kawo gwajin jini kafin azahar ɗin Talata. Yayana Sunusi ya kai jinin wani ɗakin gwaji a Jahun, sakamako ya nuna wai ƙwayoyin jinin sun yi kaɗan ƙwarai, kuma kowace ta yi girman da ya wuce hankali. Likita ya ce da wannan takarda ba zai taɓa tsoho ba, a fara neman ciwon da ke cin jininsa.

Ni kuwa shekara goma sha tara ina aikin gwajin jini, na san takarda idan tana ƙarya. Jan jinin, wanda ake aunawa daban, lafiya lau yake. Adadin ƙwayoyin ne kawai ya faɗi. Kamar a ce buhu ya cika taf, amma hatsin ciki bai kai tiya biyu ba. Duk da haka tsoro bai bar ni ba, don ilimi ba ya aiki sosai idan sunan ubanka ne a saman takarda.

A tasha na samu ƙaramar motar Jahun saura mutum ɗaya, na cike ta. Muka tashi shida da kwata. Ranar kasuwar Shuwarin ce, motocin hatsi da na dabbobi suka riƙe mu kusan minti ashirin. Direbanmu, wani mai fara'a da ake kira Ɗanlami, ya ga ina ta duban agogo.

"Hajiya, agogon nan ba shi ke tuƙi ba fa," in ji shi.

Na ce, "Da shi ke tuƙi, da yanzu mun wuce Kiyawa."

Mota ta kwashe da dariya, har da ni. Bayan Kiyawa muka tarar da shingen 'yan sanda, suka leƙa but ɗin motar suka ɗaga mana hannu. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama. Kilomita sittin da 'yan kai, muka shiga Jahun ƙarfe takwas saura minti biyar. Na sayi ƙosai mai zafi a bakin tasha saboda Baba Malam, na hau babur, minti ashirin da biyar a kan burji mai taɓo.

Tsamiyar Liman

Na tarar da shi a zaure kan buzunsa, carbi a hannu, fuskarsa na duban ƙofa. Kafin in gama sallama ya ce, "Uwata ce." Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kama sunana ba. Na durƙusa, ya lalubo kaina ya shafa.

"An ce jinina ya ƙare," ya ce. "Ni dai ban ji ya fita ba."

Na ce, "Baba, shi ya sa na zo mu tafi Dutse yau, a sake ɗiba a can."

Ya girgiza kai. "Ba zan bar karatun mutane in je a kalle ni a dawo da ni ba. Idan za a yi aikin, zan je. Idan ba za a yi ba, a bar ni da abin da Allah ya ba ni."

Duk wanda ya san Baba Malam ya san magana ta ƙare ke nan. Na juya wajen Yaya Sunusi da ya shigo daga gona, na tambaye shi yadda aka yi da jinin. Ya gyara tsayuwa irin ta wanda ya yi abin kirki.

"Ai ban yi wasa da shi ba. A ɗakin shan magani aka ɗiba mini, na zuba ƙanƙara a kula, na binne kwalbar a tsakiya. Har Jahun ko gumi ba ta yi ba. Ina miƙawa na tsaya a kansu suka sa a inji nan take."

Yaya Sunusi ya yi shekara shida yana yawon rigakafin shan inna da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. A wurinsa duk abin da ya fito daga asibiti, sanyi ne ransa. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga tafin hannunsa duk kanta, na tuna shi ne ke jan Baba zuwa masallaci sau biyar a rana ni ina Dutse. Faɗan ya koma ciki. Na ce, "Yaya, ƙoƙarinka ne ya yi yawa."

Baba Malam ya ce a yi masa bayani, shi ba a yi masa magana ta kansa. Na ce injin namu yana da wata 'yar kafa da ba ta wuce kaurin gashi ba. Ana sirka jini da ruwan gishiri, a sa wutar lantarki ta riƙa bi ta kafar, sannan a zuƙo ƙwayoyin su ratsa ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta zo wucewa sai ta ɗan tare wa wutar hanya, inji ya ji bugu ɗaya. Yawan bugun shi ne adadi, ƙarfin bugun shi ne girma. Jinin wasu tsofaffi kuma, idan ya sha sanyi, ƙwayoyin sai su manne da juna, uku ko huɗu su ratsa a dunƙule.

Ya yi murmushi.

"Ashe injin naku makaho ne irina. Ni ma da takun ƙafa nake ƙirga masu shigowa zauren nan. Idan uku suka rungumo juna suka shigo, sai in ce ƙato ɗaya ne."

Na koyar da ɗalibai da yawa wannan aiki, babu wanda ya kama shi da sauri haka. Na ɗaure masa damtse na ɗibi jini, ƙarfe goma da rabi daidai. Na naɗe kwalbar a hankici, na juya baya na cusa ta cikin rigata, ta kwanta a ƙirjina. Yaya Sunusi ya tsaya da kularsa a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Jahun zuwa Dutse

Kafin mu kai Jahun hadari ya haɗo. Na shiga mota ƙarfe sha biyu saura, ruwa ya tsuge da iska mai sanyi, gilashin gefena kuma ba ya rufuwa duka. Na ƙudundune cikin hijabi, hannuna dafe da ƙirji. Wata dattijuwa mai tallan daddawa da ke kusa da ni ta daɗe tana kallona.

"'Yar nan, ƙirjin ne ke ciwo, ko kuɗi ne?"

"Jinin babana ne, Inna."

Ta yi salati a hankali. Da na ba ta labari, sai ta kwance mayafinta ta toshe kafar gilashin da shi, ta zauna ruwa na ɗiga mata a kafaɗa har Kiyawa. Ban tambayi sunanta ba, kuma har yau abin na damuna.

Gaskiya ita ce a wurin aikinmu akwai akwatin ɗumama jini, rabin awa ya isa ya warware abin da sanyi ya ƙulla. Na san haka sarai. Amma ban iya raba kwalbar nan da jikina ba. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa kasuwar Jahun, yau ga shi a tafin hannuna bai cika cokali ba. Kuma can ƙasan raina ina tunanin, idan ba laifin ƙanƙara ba ne fa?

Ɗakin gwaji

Ƙarfe biyu da minti goma na shiga, ƙafafuna duk taɓo. Abokiyar aikina Talatu ce a kan inji. Ta karɓi kwalbar ta ce, "Da ɗuminta kamar ƙwan da aka ɗauko ƙarƙashin kaza." Na ce ta sa da kanta. Allura ta sauka ta zuƙa, inji ya yi 'yar ƙararsa da na ji sau dubbai ban taɓa saurara ba. Minti ɗaya ne, amma na karanta duk addu'ar da na iya.

Zanen sakamako ya fito a allon injin, tudu ɗaya a inda ya kamata ya tsaya, babu jelar da ta ja zuwa wajen manya. Adadi daidai, girma daidai. Muka shafa a gilashi muka leƙa a madubin ƙara girma, ƙwayoyi a warwatse kowace da kanta. Na zauna a kujera na yi kuka, Talatu ta ja ƙofa.

Likitan ido ya karɓi takardun biyu da la'asar. Ya ce a bi sawun wannan mannewa daga baya, kuma kada a bar tsoho cikin sanyi, amma ba ta hana aiki. Ya rubuta Laraba, ƙarfe tara.

Laraba da Alhamis

Yaya Sunusi ya yi shatar mota suka iso tun bakwai da rabi, Baba cikin farar rigarsa ta Juma'a. Ido ɗaya aka yi, na dama, bai kai minti arba'in ba. Ya kwana a asibiti da bandeji, yana ta tambayar wa ya ja sallar magariba a gida.

Alhamis da safe ma'aikaciyar jinya ta ɗaye bandejin. Ya yi ta ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba. Ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa gaba da baya. Yaya Sunusi ya miƙo masa Alƙur'ani, likita ya ce a haƙura da karatu tukuna. Sai ya juyo gare ni, ya daɗe yana kallo, har na fara gyara ɗankwali.

"Uwata," ya ce, "yaushe kika yi furfura?"

Ya kai hannu ya taɓa gefen kaina inda ta leƙo, ya ce, "Na bar ki da baƙin gashi."

Gida

Ƙarfe ɗaya da kwata muka sauka a Takur, zai kwana uku a wurina kafin a sake duba shi. Da ƙafarsa ya tsallake dokin ƙofa, babu mai riƙe masa hannu. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Talatu, da mai daddawar da ban san sunanta ba, da Yaya Sunusi, wanda ya yi alkawarin daga yau kularsa ta zoɓo ce kawai.

Da yamma maƙwabciyata ta aiko mini da lallen da na sa ta kwaɓa tun makon jiya don in rufe furfurar. Na ce a mayar mata, ta yi amfani da shi. Baba yana tsakar gida yana kallona ina tankaɗe, kuma ina so ya gan ni yadda nake.