Faifan da Muka Kai Ajiya Gidan Malam

Shekara shida na yi ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofishi a Khartum, a shekarun da suka gabaci yaƙin nan. Aikin ofishin shi ne taimaka wa mutanenmu, jikokin alhazan da suka taso daga Yamma suka yada zango a bakin Nilu, wajen neman takardar zama ɗan ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin wannan takarda ya san abin da ake tambayar mai suna irin namu: ina shaidar ubanka, ina ta kakanka. Don haka mutane kan zo mana da tsofaffin takardu a naɗe cikin leda ko tsumma, mu ɗauki hotonsu da sikana, mu adana a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da komai, su koma gida da abinsu. Ni ne mai gadin wannan sabar. Tana cikin wani ɗan ɗaki da a da kicin ne, da tabon hayaƙi a bangonsa.

Shugaban ofishin, wanda kowa ke kira Ustaz, dattijo ne mai kirki, kuma kirkin nasa ne ya fi ba ni wahala. Na ba kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa, na ƙayyade inda zai iya shiga da inda ba zai iya ba. Ta Ustaz ce kaɗai ke buɗe ko'ina. Kafin wata ya zagayo, kowa da tasa yake aiki, har mai kawo mana shayi ta haddace ta. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce, "Ya bashmuhandis, mutanen da nake cin fatur, kalacin hantsi, da su a tire ɗaya, su zan ɓoye wa harafi takwas?" Bashmuhandis, wato babban injiniya, sunan da yake kirana ke nan duk sanda ya yi niyyar watsar da shawarata. Na canza kalmar sau uku, sau uku yana rubuta ta a jikin kalanda.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne kwafin ajiya. Wuta a Khartum ba ta sallama idan za ta tafi, ga zafi, ga ƙura. Na yi ta naci har aka sayo faifai biyu na waje. Tsarina mai sauƙi ne: ɗaya yana haɗe da saba yana kwafar komai, ɗaya yana wani wuri nesa da ofis, duk ranar Alhamis a musanya su. Da na ce zan riƙa tafiya da ɗayan gidanmu, Ustaz ya girgiza kai. Ya ce asirin gidajen mutane ne a ciki, ba a ajiye irin wannan a ɗakin saurayin da ko makulli ba shi da shi. Wurin Malam za a kai.

Malam tsohon malami ne a Umdurman, unguwarmu ɗaya, shi ya raɗa mini suna. Tun zamanin mahaifinsa gidansu ake kai ajiya. Mace za ta tafi Hajji ta bar zinariyarta, mutum zai yi doguwar tafiya ya bar takardar fili, kuma ba a taɓa jin ko allura ta yi ciwon kai ba. Gaskiya shawarar ta yi mini daɗi, don gidan a kan hanyata yake. Ustaz da kansa ya ɗauki faifan, muka haye gada a motarsa, ya durƙusa ya miƙa shi da hannu biyu. Malam ya juya shi, ya naɗe a farin ƙyalle, ya yi addu'a, ya saka cikin akwatin ƙarfen da ke kuryar ɗakinsa.

Alhamis ta zagayo, na sauka daga raksha, keken nan mai ƙafa uku, a ƙofar gidan da sabon faifai a jakata. Bayan gaisuwa da shan ruwa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗana, wa ya ba ni ajiyar nan?" in ji Malam.

"Allah ya gafarta Malam, Ustaz ne, amma ai tare muka zo."

"Tare kuka zo, hannunsa ne ya miƙo. Hannun da ya ba ni shi zai karɓa."

Na ce bari in kira shi a waya Malam ya ji daga bakinsa. Ya ce murya daban, hannu daban, kuma shi ya taɓa jin yaran zamani na kwaikwayon muryar mutane. Na ce to ga sabo, ya karɓi wannan a matsayin ajiyata ni. Ya ce kayan wa ne? Na ce na ofis. Ya ce to mai ofis ya kawo. Sai ya ba ni labarin wata jakar fata da mahaifinsa ya riƙe wa wani mahajjaci shekara goma sha tara, ’ya’yan mutumin suka yi ta sintiri bai ba su ba, sai da shaidu suka tabbatar ya rasu a hanya. Na fito raina a ɓace, kuma abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne na san tsohon nan ya fi ni iya aikina. Dokar da na kasa sa ma'aikata tara su bi, shi yana bin ta a kan tabarma ba tare da ya taɓa ganin saba ba.

Na koma wa Ustaz da maganar. Ya ce ma fi mushkila, ba matsala, Alhamis mai zuwa za mu je. Alhamis ta zo da ta'aziyya a Aljirif. Wadda ta biyo baya an tare gada. Daga nan azumi, daga nan tafiya, daga nan ɗaurin auren ’yar ƙaninsa. Na rubuta masa takarda, ya sa hannu ya ce na yi ƙoƙari. Na ce ya je sau ɗaya tak ya gaya wa Malam baki da baki cewa ya wakilta ni. Ya ce ai wannan sai an zauna a natse, ba a shiga wa babban mutum da gaggawa. Wata rana na ɗaga murya a gaban mutane, ya dube ni ya ce, "Faifan nan ya ruɓe ne a can?" Aka kwashe da dariya, ni ban yi ba.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da na ga dama da na zare faifai na biyu duk yamma na jefa a jaka, babu wanda zai lura. Zuciya ce ta ciyo ni. Na ce tunda ɗakina bai isa ajiya ba, su je su ji da abinsu. Na bar faifan a maƙale da saba, na daina magana, ina jin daɗin fushina.

Cikin waɗannan watanni ne wata tsohuwa ta zo daga Dar Salam, can bayan Umdurman inda gidajen duk na laka ne. Jikarta za ta zauna jarrabawar gama sakandare, kuma ba a zama sai da lambar ɗan ƙasa. An ce su kawo shaidar cewa a ƙasar nan aka haifi kakan uwarta. Tsohuwar tana da takarda guda ta mahaifinta, ta yi ja don tsufa, ta kusa rabuwa huɗu a wurin naɗi. Ma'aikaciyar da ke karɓar takardu ta ji tsoron kada ta yage a hannunta, ta kira ni. Na shimfiɗa ta a hankali, na ɗauki gaba da baya, na duba hoton ya fito tas, na mayar mata da abinta. Lauyan ofis ya ce fayil ɗinta zai jira layi.

Damina ta shigo kafin layi ya zo kanta. Wata Lahadi da hantsi, ina fama da firinta, sai ma'aikaciyar nan ta ce fayilolinta sun ƙi buɗewa. Na leƙa, na ga sunayensu duk sun koma shirme. Na ruga kicin na fizge wayar intanet, amma aikin gama ya gama. Wani cikinmu ya buɗe saƙon imel mai cewa ana gayyatarmu taro a ƙasar waje, kuma da kalmar Ustaz ya shiga, wadda ke buɗe ko'ina. Ɓarayin da ke bayan saƙon sun kulle komai da ke saba, suka bi ta waya suka kulle faifan da na bari a maƙale. Har yau ban san wanda ya buɗe saƙon ba, don a rajistar saba duka mu tara suna ɗaya gare mu.

A ranar, kafin la'asar, Ustaz ya samu lokaci. Ko awa ɗaya ba mu yi ba muka isa Umdurman. Malam ya buɗe akwati, ya ciro ƙullin yana ƙamshin turaren wuta, ya sa a hannun da ya ba shi, ya ce mu duba ko an taɓa. Ba a taɓa ba. Faifan ya tashi lafiya lau, komai na nan kamar yadda yake wata goma sha huɗu da suka wuce. A hanyar dawowa Ustaz yana ta hamdala, ni ina kallon ruwan kogi ta taga, don in na buɗe baki zan faɗi abin da ba a faɗa wa sa'an uba.

Yawancin waɗanda takardunsu suka salwanta a waɗannan watanni mun kira su, suka sake kawowa, suna mita amma suka kawo. Tsohuwar Dar Salam ba mu kira ta ba, da ƙafarta ta zo. Ruwan sama ya ci bangon ɗakinta, ya zube a kan akwatinta. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini abin da ya rage na takardar, wani dunƙulen abu kamar jiƙaƙƙen tuwo da ya bushe. Ba ta zo da damuwa ba. Ta zauna ta ce in fitar mata da wadda ke cikin inji.

Na jawo kujera kusa da ita na yi mata bayani iya yadda zan iya. Na ce hoton yana ciki amma an kulle shi, kuma masu makullin ba mu san su ba.

"A wane gari suke?" ta ce. "In da hali in je in roƙe su."

"Inna, ba mu san ƙasarsu ba ma."

Ta ci gaba da murza dunƙulen a tafin hannu. Lauya ya leƙo ya ce da a ce an san lambar rajistar da ke saman takardar, da sunan ofishin da ya buga hatimi, da ana iya neman asalinta a ma'ajiyar gwamnati kafin a rufe rajistar jarrabawa. Fuskar tsohuwar ta washe. Ta juyo gare ni gaba ɗaya.

"Alhamdu lillahi. Ni ban yi boko ba, ɗana, shekara sittin ina riƙe da ita ban san me ta ce ba. Amma kai ka riƙe ta da hannunka, ka kalle ta gaba da baya. Me aka rubuta?"

Na tuna launinta. Na tuna inda naɗin ya tsage, da girman fayil ɗin, da aljihun sabar da na saka shi a ciki. Ta gyara zama tana jira, lauya ya buɗe biro.

Na ce, "Inna, ban karanta ba."